Ella da Louis: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsohon Faifai Mai Sanyaya Rai

Tun da na fara damun abokaina da zancen wannan faifai, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke ta dawowa. Wasu a zaure suke yi mini su bayan na kunna musu waƙa ɗaya, wasu kuma ta waya bayan sun je sun saurara su kaɗai. Ga su nan na tattara, da amsoshin da nake bayarwa.

Wane faifai ne ake magana a kai?

Sunansa Ella and Louis, wato Ella da Louis. Ella Fitzgerald da Louis Armstrong ne suka rera shi, baƙaƙen fatan Amurka biyu da suka yi suna a kiɗan jaz. An ɗauke shi ranar 16 ga Agusta, 1956, a situdiyon kamfanin Capitol da ke Hollywood, cikin dogon ginin nan mai da'ira da aka buɗe a shekarar. Kamfanin Verve ya fitar da shi kafin ƙarshen shekara. Waƙoƙi 11 ne a ciki, kuma duka ba su cika awa ɗaya ba. Norman Granz, mai kamfanin Verve kuma manajan Ella, shi ya haɗa su.

Su wane ne waɗannan mutum biyu?

Louis ne babba, ya ba Ella kusan shekara 16. An haife shi a New Orleans a 1901, cikin talauci na gaske. Daren shiga sabuwar shekarar 1913 ya harba bindiga sama don murna, aka kama shi aka kai gidan horon yara baƙar fata. A can ne ya samu wanda ya koya masa busa ƙaho yadda ya kamata. A 1922 ya bi maigidansa King Oliver zuwa Chicago, daga 1925 kuma ya fara fitar da fayafayai da ƙungiyarsa ta Hot Five. Waɗannan fayafayai su suka nuna wa makaɗan jaz cewa mutum ɗaya yana iya fitowa gaba ya ƙirƙiri nasa karin nan take, sauran suna rufa masa baya.

Ita kuwa Ella an haife ta a jihar Virginia a 1917, ta tashi a kusa da New York. Mahaifiyarta ta rasu Ella tana da shekara 15, rayuwa ta juya mata baya, har ta yi zaman da ba ta da takamaiman wurin kwana. A 1934 ta shiga gasar sababbin hannu a gidan wasa na Apollo da ke Harlem. Rawa ta yi niyyar yi, da ta ga waɗanda suka riga ta sai gabanta ya faɗi, ta ce waƙa za ta yi. Ta ci gasar. Makaɗi Chick Webb ya ɗauke ta, da ya rasu a 1939 ƙungiyarsa ta koma hannunta.

Ranar da suka shiga situdiyo, shi yana da shekara 55, ita 39. Babu wanda yake neman suna a cikinsu, kowa ya riga ya samu. Ina ganin wannan yana cikin abin da ya sa faifan ya fito da natsuwa haka.

Muryar namijin kamar ta mai mura. Me ake ji a cikinta?

Wannan tambaya wani tela maƙwabcina ne ya fara yi mini ita. Na kunna masa waƙa yana kan keke, ya ɗaga ƙafa ya ce, "Malam, wannan dattijo ba shi da lafiya ne?" Na ce masa, "Haba Baba, ka ɗan ƙara saurare." Bai sake cewa komai ba, amma na lura kafin waƙar ta ƙare ya daina taka keken, kansa kawai ke motsi.

Gaskiya ne muryar Louis a dishe take, kamar ana jan tsakuwa a kan kwano. Amma a kasa kunne a ji inda yake ajiye kowace gaɓa. Yakan jinkirta kalma har ka ce ta kuɓuce masa, sai ya sauke ta daidai kan bugun kiɗa. Yakan ja wata ya lanƙwasa ta kamar yadda yake yi da ƙaho, domin shi a wurinsa busa da waƙa hanya ɗaya ce. Sannan murya ce da ake jin murmushi a cikinta ko ba a ganin fuskar mai ita. Mu da muka saba da makaɗan da ƙarfinsu yake a iya sarrafa zance da sanin kari, ko da muryar ba ta da zaƙi, bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba.

Muryar Ella kuwa tas take kamar ruwan randa. Ba ta kuskuren kari, kuma kowace kalma tana fita sarai. Idan ka ji ta ita kaɗai za ka ce babu abin da za a ƙara. Sai Louis ya shigo, ka ga ashe akwai. Kaushinsa yana ƙara fito da santsinta, santsinta kuma yana sa ka ji taushin da ke ɓoye a cikin kaushinsa. Gishiri ne da miya.

Da gaske a rana ɗaya aka yi shi?

Ƙwarai kuwa. Daren 15 ga Agusta duka biyun sun yi wasa a dandalin Hollywood Bowl, washegari suka shiga situdiyo suka gama waƙoƙi 11. Louis mutum ne da kusan kullum yana kan hanya, yau nan gobe can, saboda haka babu lokacin zama a yi ta gwaji. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kowa a ɗakin ya san waƙoƙin, ko ya san irinsu tun yana yaro.

Akwai wani abu da nake so game da wannan rana. An ɗora waƙoƙin a matakin da ya dace da muryar Louis, wadda ba ta da faɗin ta Ella. Ita ce ta sauko ta same shi. A lokacin tana kan ganiyarta, a shekarar ce ta fitar da faifanta na waƙoƙin marubucin waƙa Cole Porter da ya yi kasuwa sosai, da ta so a bi nata da an bi. Amma tun tana yarinya take sauraron Louis, kuma girmamawar da take yi masa ana jin ta a faifan. Ba ta taɓa danne shi, ko a inda take da ikon yi.

Su wa ke kiɗa a bayansu?

Mutum huɗu ne kacal. Oscar Peterson, ɗan Kanada, yana kan fiyano. Herb Ellis yana kaɗa jita. Ray Brown yana riƙe da babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa. Buddy Rich yana kan ganguna. Sai ƙahon Louis da ke shigowa jefi-jefi.

Wanda ya san Peterson da Rich zai yi mamakin wannan faifai. Peterson yatsunsa gudu suke kamar ruwan kwari, Rich kuwa ya yi suna da dukan ganga mai girgiza ɗaki. A nan duk sun kama kansu. Rich ya fi amfani da 'yar tsintsiyar waya da ake shafa wa ganga, sautinta kamar sharar tsakar gida da asuba. Peterson yakan buɗe waƙa da 'yan taɓe-taɓe, ya ja baya, ya riƙa cike gurbin da mawaƙi ya bari idan zai ja numfashi. Ray Brown kuma tsohon mijin Ella ne. Sun yi aure a 1947, sun rabu a 1953, amma aiki bai raba su ba, ga shi nan yana riƙe mata kari daga farko har ƙarshe.

Waƙoƙin nasu ne? Kuma jaz ne wannan ko waƙar yayi?

Babu ko ɗaya da suka rubuta. A Amurkan wancan zamani marubucin waƙa daban, mai rerawa daban. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su tsara waƙa don wasan dandamali ko fim, idan ta karɓu kowa ya ɗauka ya rera yadda ya ga dama. Waƙoƙin wannan faifai duka tsofaffi ne tun a lokacin, daga 1929 zuwa 1946. Irving Berlin ya rubuta Cheek to Cheek da Isn't This a Lovely Day don fim ɗin Top Hat na 1935, inda ɗan wasa Fred Astaire ya rera su. George Gershwin da wansa Ira su suka yi A Foggy Day da They Can't Take That Away from Me, duka don finafinan 1937, shekarar da George ya rasu yana da shekara 38.

Saboda haka asalinsu waƙoƙin yayi ne, irin na rediyo da gidan rawa. Jaz ɗin yana cikin yadda aka riƙe su: lilon da ke cikin kiɗan, 'yancin da mawaƙi yake da shi ya sauya kari, da busar da ake ƙirƙira nan take. A 1956 kuwa yayi ya riga ya fara komawa wani wuri, shekarar da matashin mawaƙi Elvis Presley ya mamaye rediyo ke nan. Faifan ya fito ne yana waiwaye tun ranar farko, shi ya sa ba shi da wani yayi da zai wuce ya bar shi.

Ba na jin Turanci sosai. Me waƙoƙin ke cewa?

Soyayya ce mafi yawa, amma mai sauƙin kai, kuma abin sha'awa rabinta zancen yanayin gari ne. A wata, ruwan sama ya tare mutum biyu a wuri ɗaya, ɗayan yana murna a ransa domin ruwan ya hana ɗayan tafiya. A wata, baƙo ne a Landan hazo ya rufe gari, kewa ta ishe shi, sai ya haɗu da wata, garin ya haskaka masa. Akwai ta farin wata a jihar Vermont, akwai ta bazarar Paris. Stars Fell on Alabama sunanta ya samo asali ne daga wani dare na Nuwamban 1833 da aka ga kamar taurari suna zuba kamar ruwa a sararin Amurka, mawaƙi ya ari abin ya siffanta daren da ya yi da masoyiyarsa.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce They Can't Take That Away from Me. Mutum ne ya san rabuwa ta zo, sai ya zauna yana lissafa ƙananan abubuwan da zai riƙe: yadda take sa hula, yadda take kurɓar shayi, har da yadda take waƙa tana kauce wa kari. Babu kuka, babu tsinuwa. Abin baƙin ciki ne aka faɗa da fara'a, kuma duk wanda ya taɓa rasa wani ya san irin waɗannan ƙananan abubuwa ne suke zama a rai.

Amma ko ba ka ji kalma ɗaya ba, ba ka yi asara mai yawa ba. Mun daɗe muna jin waƙoƙin Indiya muna gane wa ke lallashi, wa ke ja masa rai. Haka abin yake a nan. Za ka ji sa'ad da Louis yake tsokana, za ka ji sa'ad da Ella take amsa masa tana danne dariya.

Da wace zan fara?

Fara da Cheek to Cheek. Louis ne ke buɗewa, ya rera ta daga farko har ƙarshe, sannan Ella ta karɓa, kiɗan yana ƙara ɗaukar zafi a hankali har su haɗu. Ita ce ta fi saurin kama baƙon kunne.

Daga nan ka je Stars Fell on Alabama, ka sa abin saurare a kunne biyu. Ella ce ke jan waƙar a sama, Louis yana bin ta a ƙasa a hankali, yana 'yan gunaguni masu kari, kamar mai tafiya a bayan wani yana riƙe masa gefen riga kada ta taɓa ƙasa. A nan ne za ka gane cewa mai wannan murya ya san waƙa ciki da bai.

Sai Tenderly. Ƙaho ne ke buɗe ta, a hankali, kowane sauti a cike. Ka jira har ƙarshenta. A daƙiƙun ƙarshe Ella tana sauke muryarta ta kwaikwayi ta Louis, dishewar da komai. Ranar da na fara ji sai da na mayar baya sau uku, domin na ɗauka shi ne.

Akwai batsa a ciki? Zan iya kunnawa a gida?

Babu batsa, babu zagi. Akwai ambaton sumba, da runguma, da rawar namiji da mace kunci da kunci, domin al'adar masu waƙar ke nan. Abin da ke ciki ke nan, kowane maigida ya san abin da ya dace da gidansa.

A shekarun da ake wulaƙanta baƙar fata a Amurka, ba kau da kai ba ne a tsaya ana waƙar farin wata?

Tambaya ce mai nauyi, kuma an yi wa Louis ita tun yana raye. Wasu matasan makaɗa baƙaƙe sun zarge shi da yawan washe baki a gaban Turawa. A watan da aka ɗauki faifan nan, baƙaƙen garin Montgomery suna cikin ƙaurace wa motocin safa saboda wariyar launin fata, suna takawa a ƙasa zuwa wurin aiki tun Disamban 1955.

Su biyun ba labari suka ji ba, a jikinsu suka sha. A Oktoban 1955, a Houston, Granz ya shirya wasa ya cire allunan da ke raba farare da baƙaƙe. 'Yan sanda suka kutsa ɗakin da Ella ke shiri, suka fake da cewa ana caca, suka tafi da ita ofis da kayan wasa a jikinta, tare da makaɗa Dizzy Gillespie da Illinois Jacquet. Granz bai bar maganar ba sai da aka soke tuhumar. Shi kuma Louis, da jiharsu ta Louisiana ta yi dokar hana farare da baƙaƙe haɗuwa a dandamali a 1956, ya daina wasa a garin haihuwarsa, bai koma ba sai 1965. A Satumban 1957, da aka tare ɗalibai baƙaƙe tara a ƙofar makarantar farare a Little Rock, babban birnin jihar Arkansas, ya fito fili ya caccaki Shugaba Eisenhower da gwamnan jihar Arkansas, ya kuma fasa tafiyar da gwamnati ke shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyet. A lokacin, irin wannan magana tana iya kashe wa baƙin mawaƙi kasuwa.

To a dubi ɗakin da aka yi faifan. Ella, Louis, Peterson da Brown baƙaƙe ne, Ellis da Rich farare. A lokacin, irin wannan haɗi a dandamali laifi ne a wasu jihohin ƙasar. Ni a ganina, fara'ar da ke cikin faifan ta mutanen da suka san wuya ce, suka ƙi yarda wuyar ta ƙwace musu iya jin daɗi. Shi ya sa ba ta gundura. Fara'ar wanda bai san komai ba takan ƙare da wuri.

Akwai abin da ya haɗa su da ƙasashenmu?

Ta wajen Louis akwai. Wata uku kafin wannan faifai, a Mayun 1956, ya sauka Accra lokacin ƙasar tana Gold Coast, saura ƙasa da shekara ta zama Ghana. Makaɗan hailaif, cikinsu har da E. T. Mensah, suka tarbe shi, ya kuma yi wasa a gaban Kwame Nkrumah. A can ya ga wata mata da ta yi masa kama da mahaifiyarsa, abin ya tsaya masa a rai, ya riƙa cewa daga nan kakanninsa suka fito. A 1960 ya dawo Afirka ya yi doguwar zagaya, ya shigo Najeriya 'yan makonni bayan samun 'yancin kai. Akwai hotonsa a Kaduna tare da Sardauna, Sir Ahmadu Bello, suna raha.

Me ya sa ake yawan zancen hoton bangon faifan?

Saboda babu ƙarya a cikinsa. Phil Stern ne ya ɗauka. Su biyu suna zaune a kan kujeru, Ella cikin rigar zaman gida, hannuwanta a cinya, Louis da ƙahonsa da hankicinsa, fararen safansa a naɗe a idon sawu. Kamar wa da ƙanwa da aka ce su zauna a ɗauke su hoto a tsakar gida. Yadda hoton yake haka sautin yake.

Ba shi da aibi ko kaɗan?

Yana da. Yawancin waƙoƙin tafiyar hawainiya suke ko matsakaiciya, wanda ke son kiɗa mai tada tsaye zai ga kamar duk ɗaya ne. Tsarin ma yakan maimaitu: wannan ya rera, wancan ya rera, ƙaho ya shigo, su rufe tare. Sannan leɓen Louis ya sha wuya, shekara da shekaru yana busa kusan kowane dare, saboda haka ƙahon nan bai kai ƙarfin na ƙuruciyarsa ba. Wanda kuma ya zo neman Ella mai wasa da murya ba kalmomi, tana tsere da makaɗa, ba zai same ta sosai a nan ba. Ni dai ban ɗauki na ƙahon a matsayin rashi ba. Da ya rage yawan sautin, sai kowanne ya ƙara nauyi.

Idan na gama da shi, sai me?

Sun yi wasu biyu tare a Verve. Ella and Louis Again na 1957 faifai biyu ne a haɗe, Louie Bellson ya karɓi ganguna daga Rich, kuma ya fi na farko barkwanci da zolaya. Sai Porgy and Bess, wanda aka ɗauka a 1957 da babbar ƙungiyar makaɗa ƙarƙashin Russell Garcia, shi kuma ya fi nauyi da ban tausayi. Kafin duk waɗannan sun yi 'yan waƙoƙi tare a kamfanin Decca tun 1946, cikinsu har da Dream a Little Dream of Me ta 1950. Mutane da yawa suna nemanta a faifan 1956 su rasa, ba a nan take ba.

Yaya ya fi kyau a saurare shi?

Yana nan a YouTube da Spotify da sauran manhajojin waƙa, a rubuta sunansa da 1956 don kada a faɗa kan tarkacen da wasu suka harhaɗa. Lasifikar waya tana cinye sautin gogen Ray Brown, shi kuwa shi ne ƙashin bayan kiɗan, don haka a nemi abin sawa a kunne ko 'yar lasifika mai kauri. Asalinsa faifan garmaho ne mai fuska biyu, a kan ji rabi, a tashi a juya. Har yanzu haka nake yi masa: in na kai tsakiya nakan dakata, in zuba shayi, sannan in ci gaba. Lokacin da ya fi shiga raina shi ne bayan isha'i a kwanakin hunturu, gari ya yi tsit, yara sun kwanta, sautin a ƙasa-ƙasa yadda har jan numfashin Louis kafin ya sa ƙaho a baki ana ji.